Rangwamen Harajin Gida a Niyok: Amsa ga Uban da Ɗansa Ya Nemi Ya Sayar da Filinsa na Tumfure

Wani dattijo ɗan fansho a nan Gombe ne ya aiko mini da wannan tambaya, kuma da izininsa nake amsa ta a bainar jama'a, domin na san akwai iyaye da yawa da ke cikin irin halin da yake ciki. Ɗansa yana aikin jinya a birnin Niyok na Amurka, ya shekara takwas yana biyan haya, yanzu kuma ya samu sashen gida mai ɗaki biyu a cikin wani bene a yankin Buruklin na birnin a kan dala 600,000. Dillali ya shaida wa yaron cewa harajin gidan dala 50 ne kacal a wata, saboda benen yana cikin wani shirin rangwame na shekara 15, kuma shekara tara daga ciki sun riga sun wuce. Yaron ya tara mafi yawan kuɗin kafin alƙalami, yana roƙon mahaifinsa ya sayar da filinsa na unguwar Tumfure a nan Gombe ya cika masa. Abin da Alhaji yake son sani shi ne ko wannan rangwame ya isa dalilin da za a rabu da fili dominsa.

Alhaji, ranka ya daɗe, amsata a taƙaice ita ce rangwamen shi kaɗai bai isa dalili ba. Gidan yana iya zama na kirki, sayensa ma yana iya zama alheri ga yaron, amma lissafin da ya kamata a gina shawara a kansa shi ne na ranar da rangwamen zai ƙare, domin wannan rana tana nan tafe, an rubuta ta a takarda tun kafin a aza tubalin farko, kuma ta fi kusa da yadda dillalin ya nuna. Na shafe fiye da shekara ashirin ina ƙiyasta darajar gidaje da filaye, kuma a 'yan shekarun nan takardun 'ya'yanmu da ke waje sun yawaita a kan teburina, saboda haka zan bi maka maganar dalla-dalla.

Shirin da ake magana a kansa sunansa 421-a, lambar wani sashe ce a dokar harajin kadarori ta jihar Niyok. An kafa shi a 1971, lokacin da mutane ke ƙaura daga birnin zuwa garuruwan gefe, gine-gine kuma suka tsaya cik. Hukuma ta ce wa masu gini duk wanda ya gina sabon bene na zama, za a ci gaba da karɓar haraji a kan darajar filin kamar yadda yake kafin a yi ginin, ƙarin darajar da ginin ya kawo kuwa za a ɗage masa haraji na wasu shekaru. Wannan ne ya sa harajin yaronka bai zama sifili ba, dala 50 ɗin nan kasonsa ne na harajin tsohon fili. Shirin ya daɗe ana ja-in-ja a kansa saboda tsadarsa, har ofishin babban mai binciken kuɗi na birnin ya bayyana a 2022 cewa yana hana baitulmali kimanin dala biliyan 1.77 a shekara. A watan Yuni na 2022 wa'adinsa ya cika ba a sabunta shi ba, sai a Afrilun 2024 aka kawo wani mai suna 485-x a madadinsa. Benen da ya riga ya shiga tsohon shirin yana ci gaba da cin moriyarsa har wa'adinsa ya ƙare, amma babu wata ƙofa da mai sashe zai bi ya nemi a ƙara masa shekaru.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne rangwamen ba ya tsayawa daram har shekarar ƙarshe. A tsarin shekara 15, shekara 11 na farko ne kawai ake ɗage harajin ƙarin darajar gaba ɗaya. A shekara ta 12 ana ɗage kashi 80 cikin 100, a ta 13 kashi 60, a ta 14 kashi 40, a ta 15 kashi 20, daga shekara ta 16 kuma mai gida ya fara biyan cikakken haraji. Tunda shekara tara sun wuce, cikakken rangwamen da ya rage wa yaronka na shekara biyu ne, daga nan takardar haraji za ta riƙa kumbura duk shekara. Idan ma ya zamana tsarin shekara 10 ne aka yi kuskuren faɗa, lamarin ya fi haka tsanani, domin a wancan tsari shekara biyu na farko ne kawai cikakku, sannan ana rage kashi 20 duk bayan shekara biyu.

Bari mu sa lambobi domin maganar ta fito fili. Mu ɗauka, a matsayin misali, cikakken harajin wannan sashe dala 700 ne a wata, wato ana ɗage masa dala 650 yanzu. Shekara biyu masu zuwa zai biya dala 50 a wata. Bayan haka zai biya 180, sannan 310, sannan 440, sannan 570, a shekara ta bakwai da sayensa kuma ya kai 700. Idan ka tara duk abin da za a ɗage masa daga yau har ƙarshe, shekara biyun farko sun ba da dala 15,600, shekara huɗun da ake ragewa su ma sun ba da 15,600, jimilla dala 31,200. Wannan ita ce darajar rangwamen baki ɗaya, kimanin kashi biyar cikin 100 na farashin gidan, kuma a gaskiya ba ta ma kai haka ba, tunda kuɗin da zai zo maka bayan shekara biyar bai kai wanda ke hannunka yau daraja ba. Na san dala 31,200 kuɗi ne mai yawa idan aka juya shi zuwa naira, ban raina shi ba. Sai dai wanda zai ɗauki bashin shekara talatin bai kamata ya yanke shawara a kan sauƙin shekara shida ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda na fi so ka tsaya a kansa. Mai sayar da gidan ya san da rangwamen, dillalinsa ya sani, duk masu taya gidan sun sani. A birnin da gidaje suka yi ƙaranci masu nema suka yi yawa, duk wani sauƙi da hukuma ta liƙa wa gida yakan koma cikin farashinsa tun kafin mai saye ya iso. Ka san yadda abin yake a nan gida. Da zarar an ji labarin za a shimfiɗa kwalta a wata unguwa, farashin fili yakan tashi tun ba a kawo tifa ɗaya ta tsakuwa ba, wanda ya saya bayan labarin ya bazu kuwa ya riga ya biya kuɗin kwaltar ga mai filin farko. Haka aka yi bayan Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, haka aka sake yi lokacin da 'yan'uwanmu na Borno da Yobe suka kwararo garin saboda rikici. Rangwamen haraji ma haka yake tafiya. Idan makamancin wannan sashe a benen da ba shi da rangwame ana sayar da shi dala 560,000, to yaronka zai biya ƙarin 40,000 domin ya samu sauƙin 31,200, kuma a kan wannan ƙarin ma banki zai riƙa ɗora masa kuɗin ruwa shekara talatin. Idan kuwa bambancin bai wuce dala 10,000 ko 15,000 ba, cinikin ya yi kyau. Saboda haka aikin farko da ke gabansa shi ne ya nemo farashin da aka sayar da irin wannan sashe a unguwar cikin shekara guda da ta wuce, masu rangwame da marasa rangwame. Cinikin gidaje a birnin ana rubuta shi a rajistar da kowa zai iya dubawa ta intanet, ba sai ya dogara da bakin dillali ba.

Sannan ya tuna da ranar da shi ma zai zama mai sayarwa. Idan aiki ya mayar da shi wani gari bayan shekara shida ko bakwai, ko iyali suka ƙaru ɗaki biyu ya yi musu kaɗan, zai fito da gidan kasuwa daidai lokacin da rangwamen ya ƙare, kuma ba shi kaɗai ba, domin maƙwabtansa a benen duk rana ɗaya harajinsu zai cika. Mai saye na wancan lokaci zai ga dala 700 a takarda, zai yi tayi daidai da haka. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, darajar gida mai rangwame ma a ranar ne ake saninta.

Yanzu mu duba abin da zai riƙa fita daga aljihunsa duk wata. Idan ya ba da kafin alƙalami na kashi 20, wato dala 120,000, zai ci bashin 480,000. Mu ɗauka ribar da za a ɗora masa kashi shida da rabi ce a shekara na tsawon shekara talatin, biyan wata zai kama kimanin dala 3,034. Ban da wannan akwai kuɗin hidimar bene, wanda masu sassa ke haɗawa domin shara da lifta da inshorar gini da ɗumama farfajiya a lokacin sanyi da albashin mai kula da gida, mu ce dala 550. Da harajin dala 50, yau zai biya 3,634. A shekara ta bakwai zai biya 4,284, ƙarin kusan kashi 18 cikin 100, kuma wannan idan kuɗin hidima bai motsa ba, hukuma kuma ba ta ɗaga ƙiyasin darajar benen ba, alhali dukansu biyu sukan tashi. Tambayar da nake so ka yi wa yaronka, Alhaji, ita ce ko albashinsa na yau, ba tare da aikin ƙarin lokaci ba, zai iya ɗaukar 4,284 har ya ci ya sha ya biya wa yara bukatunsu ya kuma aiko da abin da ya saba aikowa gida. Na cire aikin ƙarin lokaci da gangan, domin na ga ma'aikatan jinya da yawa sun gina lissafinsu a kan kwanan asibiti, jiki kuwa ba ya jure wannan shekara talatin.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, ko da yake a Abuja ne. Wata baiwar Allah 'yar kasuwa ta zo ofishina da fayil a cikin leda, ta saya wa 'ya'yanta gida a wani rukunin gidaje inda kamfanin ginin ya yafe kuɗin hidima na shekara biyun farko. Ta zaro takardar da aka aiko mata a shekara ta uku, ta shimfiɗa ta a kan teburi tana bin lambobin da yatsa, ta ce ita ba a taɓa gaya mata haka ba. Muka buɗe yarjejeniyar tare, sai ga shi a shafi na kusa da ƙarshe, da sa hannunta a ƙasa. Ba a yi mata ƙarya ba, an dai nuna mata shekarar farko ne aka bar sauran a cikin takarda, kuma babu abin da na iya yi mata illa in taya ta lissafin ko haya za ta rufe giɓin. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini ciniki mai sauƙi na ɗan lokaci, shafin ƙarshe nake fara buɗewa.

Cikakken harajin da na sa dala 700 misali ne, ainihin lambar kuwa ba ta da wuyar samu, gani ya kori ji. Sashen kuɗi na birnin Niyok yana sa takardun harajin kowace kadara a shafinsa na intanet, ana nemo su da adireshi ko da lambar yanki da ta fuloti. A cikin takardar akwai layin da ke nuna haraji kafin a cire rangwame, akwai kuma wanda ke nuna abin da ake biya bayan an cire. Layin farko ne ya shafe ku. Kowace Janairu kuma ana fitar da sanarwar darajar kadara ta shekarar haraji mai zuwa, wadda ke farawa ranar 1 ga Yuli. Yaron ya sa lauyansa, tunda a Niyok ba a cinikin gida sai da lauya, ya tabbatar da shekarar da rangwamen ya fara da tsarin da yake kai, ya kuma ga takardar shaidar cancanta ta ƙarshe daga hukumar gidaje ta birnin. Yana da kyau ya san yadda ake kai wa ga lambar: sassan bene irin wannan ana ƙiyasta darajarsu kamar gidajen haya ne, a ɗauki kashi 45 na wannan ƙiyasi, sannan a ɗora haraji na kusan kashi 12 da rabi a kai. Sababbin gine-gine sukan sha ƙiyasi mai nauyi saboda da sababbin gidajen haya masu tsada ake gwada su, shi ya sa sau da yawa harajinsu bayan rangwame yakan fi na tsofaffin benaye da ke maƙwabtaka da su.

Akwai wani sauƙi da zai iya samu bayan wancan ya ƙare, kuma adalci ne in faɗe shi. Birnin yana rage wa masu sassan bene da ke zaune a cikin gidajensu tsakanin kashi 17 da rabi zuwa kashi 28 da ɗigo ɗaya na harajinsu, gwargwadon darajar sassan benen, da sharaɗin nan ne mazauninsu na asali kuma hukumar benen ta nema musu. Ba a haɗa shi da 421-a, sai ɗaya ya fita ɗaya ke shiga. A misalinmu, kashi 17 da rabi zai sauko da 700 zuwa kimanin 578. Akwai kuma ɗan sauƙin harajin makaranta da jiha ke bayarwa mai suna STAR, amma a cikin birnin 'yan ɗaruruwan dala ne a shekara, ba abin da za a gina shawara a kansa ba ne.

Wataƙila yaron ya kuma gaya maka cewa gwamnatin tarayyar Amurka za ta cire masa kuɗin ruwan bashi da harajin gida daga harajin albashinsa. Gaskiya ne akwai wannan, amma mutane sukan fahimce shi a baibai. Ana cire waɗannan kuɗaɗe ne daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji, saboda haka abin da ke dawo wa mutum wani kaso ne kawai na abin da ya kashe. Kuma kowa yana da wani adadi da ake cire masa ko ya sayi gida ko bai saya ba, wanda a 2025 ya kama dala 15,750 ga mutum ɗaya, 31,500 ga ma'aurata masu haɗa takarda. Ribar mai gida ita ce abin da ya haura wannan adadi. Kuɗin ruwan shekarar farko a misalinmu kusan dala 31,000 ne, saboda haka ga mai aure harajin jiha da na birni da yake biya ne za su ɗaga shi sama da layin. Wannan ɓangare kuma, wanda harajin gida ke cikinsa, dokar 2017 ta ƙayyade shi a dala 10,000, dokar 2025 ta ɗaga shi zuwa 40,000, amma an tsara zai koma 10,000 a 2030, wato daidai shekarun da harajin gidansa ke hawa. Ka ga sauƙi biyu ke nan masu wa'adi, kuma wa'adinsu ya kusa haɗuwa.

Ranar ciniki ma akwai haraji. Wanda ya ci bashin sayen irin wannan gida a birnin yana biyan harajin rajistar jingina, kashi ɗaya da ɗigo takwas idan bashin bai kai dala 500,000 ba, wato dala 8,640 a kan 480,000, ban da kuɗin lauya da inshorar takardar mallaka da na banki. Harajin sauya mallaka na birni da na jiha, wanda a wannan farashi ya haɗu ya zama kashi ɗaya da ɗigo 825, kusan dala 10,950, bisa al'ada mai sayarwa ne ke biya, sai dai idan daga hannun kamfanin gini aka saya kai tsaye, nan sukan ɗora wa mai saye. Ko da bai biya shi yanzu ba, zai biya ranar da zai sayar, tare da la'adar dillali. Wannan ne ya sa wanda bai tabbatar zai zauna shekara bakwai ko fiye ba gara ya ci gaba da haya.

Da ni ne nake ba yaron shawara fuska da fuska, da na ce ya leƙa ƙananan gidaje masu iyali biyu a yankunan Buronks ko Kwins na birnin kafin ya sa hannu. Gidajen iyali ɗaya zuwa uku suna wani aji daban na haraji, inda doka ta hana ƙiyasin darajarsu ya tashi fiye da kashi shida a shekara ko kashi 20 cikin shekara biyar, kuma wannan kariya ba ta da ranar ƙarewa, ba ta kuma faɗuwa don gida ya sauya hannu. Sun fi tsada, gyaran rufi da tukunyar ɗumama gida kuma duk a wuyansa suke, amma mai zama a hawa ɗaya ya ba da ɗayan haya yana da abin da zai taimaka masa biyan bashi. A Buronks kuma akwai jama'ar Afirka ta Yamma da masallatansu, har da masu jin Hausa daga Gana da Nijar.

Na san batun riba yana ranka ko da ba ka rubuta shi ba. A Amurka akwai kamfanonin da ke sayen gida tare da mutum bisa tsarin musharaka, yana biyan hayar kasonsu yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Hukuncin wannan na malamai ne, ku kai musu takardar yarjejeniyar su karanta. Ta fuskar lissafi kuwa biyan wata yakan yi kusa da na banki, harajin gida da kuɗin hidima kuma ba sa canzawa ko ta wace hanya aka saya.

Sai mu dawo kan filin Tumfure, wanda shi ne ya fi damuna. Idan muka ɗauki canji a kan naira 1,500 kowace dala, filin naira miliyan 30 dala 20,000 ne, kashi ɗaya cikin shida na kafin alƙalamin. Abin da a nan zai iya zama gidan iyali guda, ko jarin da za ka jingina da shi idan fansho ya yi jinkiri ko ciwo ya zo, a can ba zai wuce ya toshe kuɗin ranar ciniki da 'yan kai ba. Kuma ba duka kuɗin ne zai isa hannunsa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ba a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati sai da amincewar gwamna, saboda haka duk bashin kuɗin ƙasa da ya taru dole a biya shi a hukumar GOGIS mai kula da takardun filaye ta jihar Gombe kafin takarda ta koma sunan mai saye, idan ba ka biya ba mai saye zai zabtare shi daga farashi. Kada a ɗauki wannan bashi da wasa, domin a Maris na 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye 4,794 saboda shekara goma ko fiye ba a biya kuɗin ƙasa ba. Ga la'adar dillali. Ga kuma harajin ribar sayar da kadara, wanda a da kashi 10 ne, amma a ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ana lissafa shi tare da sauran kuɗin shigar mutum. Sauƙin da doka ta yi wa gidan da mutum yake zaune a ciki bai shafi fili fetal ba.

Idan har ka yanke shawarar taimakawa, a yi komai a rubuce. Bankin da zai ba shi bashi zai nemi takardar da ke nuna kuɗin kyauta ne, zai kuma bi diddigin inda ya fito, saboda haka cinikin filin ya kasance da yarjejeniya da shaidu, kuɗin kuma ya bi ta asusunka na banki, kada a raba shi hannun 'yan canji ko matafiya. Kyautar da ta haura dala 100,000 a shekara daga wanda ba ɗan ƙasar ba dole mai karɓa ya sanar da hukumar harajin Amurka, taku ba ta kai nan ba, amma ya kiyaye idan wasu dangi ma za su aika. Kada kuma ka yarda a sa sunanka a takardar gidan da niyyar kare haƙƙinka, domin wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba, dala 60,000 ne kawai na dukiyarsa ta can ke kuɓuta daga harajin gado, idan kuma za a sayar ana iya riƙe har kashi 15 na kasonsa har sai an tantance harajinsa.

Ka kuma tara sauran 'ya'yanka ka gaya musu tun kafin dillali ya fara kai mutane ganin filin. Ka fi ni sanin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta. A aikina na sha zuwa ƙiyasta dukiyar gado inda rigimar ba a kan abin da aka bari take ba, a kan filin da uba ya sayar shekara goma baya ne ya tura wa ɗa guda, ba wanda ya san ko kyauta ce ko rance.

Abin da nake ganin ya fi, Alhaji, shi ne ka riƙe filinka tukuna, ka ce wa yaron ya turo maka takardar harajin sashen ta wannan shekara mai nuna haraji kafin rangwame, da kasafin kuɗin hidimar benen na shekara biyu da suka wuce tare da abin da ke asusun ajiyarsu na gyara, da farashin sassa uku ko huɗu da aka sayar a unguwar a benaye marasa rangwame. Idan albashinsa ya ɗauki cikakken harajin ba tare da kwanan asibiti ba, ƙarin farashin kuma bai kai darajar shekara shidan da suka rage ba, ya nemi a rage masa kafin alƙalami zuwa kashi 15 ko ya ƙara wata shida yana tari, giɓin dala 20,000 ba zai gagari mai irin aikinsa ba. Kai kuma ko za ka sayar ko ba za ka sayar ba, ka je GOGIS a cikin watan nan a duba maka fayil ɗin filin, ka biya abin da ya taru, ka sa a zagaye shi da bulo ko da layi uku ne kafin damina. Idan takardun yaron sun iso, ka kawo su ofis mu zauna mu bi su tare.